Jikata Tana Son Aikin Da Na Gudu Na Bari

Daga admin: Wata uwa ce cikin 'yan zauren nan ta turo wannan, ta roƙa a sakaya sunanta. A yi mata magana da ladabi, ta haifi da yawa daga cikinmu.

Salama gare ku 'yan uwa, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tsohuwa ce ke dannawa da yatsa ɗaya. Na daɗe a zauren nan ina karanta damuwar yara, ina ba da tawa shawarar a zuci, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo tawa ba. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Maganar a kan jikata ce, amma ba za ku gane ta ba sai na koma da ku baya.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kafur. Babana direban mishan ne, shi ke jan motar asibiti, in ta lalace kuma shi ke shiga ƙarƙashinta. Ni ce 'yar fari, mazan sun zo daga baya, don haka ni ke tsugunawa kusa da ƙafarsa ina miƙa masa sifana, tun ban san sunayensu ba har na kai in ya miƙo hannu na san wadda yake so. A makaranta lissafi bai taɓa ba ni wuya ba. Da na gama sakandare mutane suka yi ta ce wa Baba ya tura ni nas ko malanta, ya ce yarinya ta riga ta zaɓa, aka kai ni kwalejin fasaha na karanta injiniyancin kayan aikin gona. Ni kaɗai ce mace a ajinmu. Tun daga ranar da na fara Baba ya daina kirana da sunana, Injiniya yake ce min, ko ruwa zai ce in kawo masa.

A ƙarshen shekarun saba'in na kama aiki, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna, gwamnati ta zuba taraktoci a ƙasar Funtua ana ba manoma haya. Aka tura ni babban garejin da ake gyaransu. Ranar farko mai gadi ya nuna min ofishin masu buga tafireta, na ce masa gareji zan je, ya ce ai ba a sayar da abinci a ciki sai azahar. Ban ji haushi ba a lokacin, dariya ma na yi.

Ina so ku fahimci wani abu tun yanzu, babu wanda ya taɓa zagina a wurin nan, babu wanda ya taɓa kai min hannu. Da haka aka yi da ya fi min sauƙin bayani. Shugaban kanikawa wani dattijo ne, Malam Tanimu, mutumin kirki, 'yata yake ce min. In na sunkuya zan ɗaga wani abu sai ya ce, 'yata bari yara su ɗaga, in na nufi inji sai ya jawo min kujera ya ce in zauna in faɗa musu abin da za su yi kada baƙin mai ya ɓata min hannu. Da na ɗinka riga da wando na aiki na fara shiga ƙarƙashin tarakta da kaina, sai kowa ya ajiye abin da yake yi yana kallo. Ba kallon raini ba ne, kallon jira ne, a ga yadda za ta ƙare.

Wannan kallon shi ya fara canza min tunani, ban kuma lura ba. Akwai wani abokin aikina Garba, tare muka gama makaranta, tare aka ɗauke mu. Garba in bai gane abu ba sai ya ɗaga murya ya ce, Oga ni fa ban gane ba, a sake. Oga, wato shugaban garejin gaba ɗaya, ya sake, magana ta wuce, babu wanda ya riƙe. Ni kuwa ban taɓa iya furta wannan kalmar ba, domin na san in Garba bai gane ba Garba ne bai gane ba, in ni ce ban gane ba to mace ce ba ta gane ba. Sai in gyaɗa kai, in ɗauki littafin injin in tafi da shi gida in yi ta fama ni kaɗai a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Wata rana a mitin na kawo shawarar cewa maimakon a jira taraktoci su lalace a jawo su Funtua, mu riƙa bin ƙauyuka kafin damina muna duba su a can. Aka yi shiru, wani ya yi tari, aka shiga wata magana. Ana dab da tashi Garba ya maimaita abin da na faɗa, kusan kalma da kalma, Oga ya ce wannan shawara ce mai kyau, a rubuta. Garba ba mugu ba ne, bayan an fito ya ce min ya ga an bar maganar ta faɗi ne shi ya sa ya ɗaga ta. Daga ranar duk abin da na hango sai in gaya masa kafin mu shiga, shi ya faɗa. A lokacin dabara na ɗauke shi, ina ce wa kaina ai aikin dai ake so ya yiwu, ko ta bakin wa.

Sai wata damina ta faɗi, manoma sun yi layi kowa yana son a yi masa huɗa kafin ƙasa ta sha ruwa da yawa. Famfon man wata tarakta ya lalace, sabo kuma sai an aiko daga Kaduna, ba a san ranar zuwansa ba. Na kwance shi na duba, na ga zai gyaru, na gyara na mayar, na sa hannu aka fitar da ita. Ta yi aiki 'yan kwanaki lafiya, sannan ta mutu a tsakiyar gonar wani Alhaji a kan hanyar Malumfashi, rabin gonar an huɗe rabi ba a taɓa ba. Kafin a samo wata, shukarsa ta makara. Alhajin ya zo gareji da kansa, ina jin sa daga ciki yana cewa an gaya masa mace ce ta yi gyaran, gwamnati ta rasa abin wasa sai abincin mutane, in ba a da ma'aikata a faɗa musu su koma ga shanunsu. Oga ya ba shi haƙuri ya tafi. Ni kuma Oga bai yi min faɗa ba, cewa ya yi irin wannan yana faruwa, famfon da ma ya tsufa.

A wannan daminar dai Garba ya manta bai ɗaure notin ƙasan inji ba, mai ya tsiyaye, inji sukutum ya yi nokin, wato ya ƙone. Asararsa ta ninka tawa nesa ba kusa ba. Kanikawa suka laƙaba masa Garba Nokin, in ya shigo a yi ta tsokanarsa yana dariya yana ramawa, bayan wata biyu an manta. Ni babu wanda ya tsokane ni. Da sun tsokane ni da na ji ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Lallaɓa ni suka shiga yi kamar mai zaman makoki. Shekarar da ta biyo baya wata yarinya daga kwalejinmu ta nemi zuwa koyon aiki a garejin, ina bayan wata tarakta na ji Malam Tanimu yana ce wa Oga, ranka ya daɗe wadda muke da ita ma lallaɓawa muke yi, a kai wannan ofis kawai. Ofis aka kai ta. Na riƙa ganinta ta taga tana jera fayil, ban taɓa zuwa na gaishe ta ba, kunya nake ji kamar ni na rufe mata ƙofa.

Daga nan na zama wata irin ma'aikaciya. Duk abin da za a iya sayo sabo ban ƙara gyara shi ba, ko da na san hannuna zai iya. Tarakta sai ta yi makonni a tsaye cikin damina tana jiran kaya daga Kaduna, manomi yana zuwa yana komawa, ni kuma na san in na zauna da ita yini ɗaya za ta tashi, amma in na tuna gonar Alhajin nan sai in ce a jira. Ban ƙara sa hannu a kan aiki ba sai na ce Garba ya zo ya leƙa. Abin mamaki, sai aka fara yabona. Ana cewa Madam ba ta gaggawa, Madam akwai natsuwa, aikinta ba ya dawowa. Yaya za a yi ya dawo, tunda na daina yin duk wani aiki da zai iya dawowa.

A tsakiyar shekarun tamanin aka buɗe wani ƙaramin gareji a ɓangaren Malumfashi, ana neman wanda zai riƙe shi. Lokacin na yi aure, maigidana malamin makaranta ne, Allah ya ji ƙansa, ɗanmu na fari Ishaku yana tafiya, ina goyon ƙanwarsa. Oga ya kira ni ofishinsa ya ce ni ya zaɓa. Na koma gida na gaya wa maigidana, ina jiran ya ce a'a, har na shirya yadda zan yi fushi. Sai ya ce, karɓi mana, makaranta ai ko'ina akwai, zan nemi canji mu koma tare, ga shi kin matso kusa da su Baba. Baba kuwa da labari ya kai masa, kafin Lahadi duk cocinmu an san za a ba Injiniya gareji.

Kun gani, babu wanda ya tare min hanya. Miji ya yarda, uba ya yarda, Oga da kansa ya nema. Amma satin nan ko abinci ban iya ci ba. Abin da nake ta gani shi ne taraktoci a mace cikin gonakin mutane, babu Garba da zai leƙa, babu Oga da zai fita ya ba da haƙuri, ni ce zan tsaya a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya zo abu ɗaya zai faɗa. Ina ce wa kaina in na faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba, duk yarinyar da za ta zo bayana na ja mata. Na koma wurin Oga na ce a ba Garba, aikin ya yi wa mace mai goyo nauyi. Sai ya ce, "Ke kika ga haka, ko gaya miki aka yi?" Na ce ni na gani ranka ya daɗe. Ya ce to shi ke nan.

Da na fito Malam Tanimu ya tare ni ya ce, "Kin yi hankali 'yata, Allah ya yi miki albarka, mace ta san inda ƙarfinta ya tsaya." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Kamar an sauke min buhu daga ka. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Bayan nan na nemi a mayar da ni sito, daga sito na nemi canji zuwa koyarwa, na koyar da lissafi a makarantar 'yan mata har na yi ritaya. Baba bai taɓa tambayata dalili ba har ya rasu. Abu ɗaya kawai, ya koma kirana da sunana na yanka.

Duk wanda ya tambaye ni a shekarun nan amsa ɗaya nake bayarwa, na bari ne saboda yara, aikin ƙarfe ba na mace mai iyali ba ne. Na faɗa na maimaita har ni ma na yarda. Ishaku da wannan maganar ya tashi, kuma yana alfahari da ita. Ranar da aka yi min addu'ar godiya ta ritaya ya miƙe a gaban jama'a ya ce mahaifiyarsa ta ajiye babban muƙami domin ta rene su, ya yi kuka, mutane suka yi ta share hawaye. Ina zaune na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka tawali'u ne.

To yanzu ga inda nake. Ishaku yana da 'ya, Rahila, ta gama sakandare bana. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba a ajiye rediyo kusa da ita. Fankar ɗakina ita ta gyara, injin niƙan maƙwabtanmu in ya ƙi tashi ita ake kira kafin a kira bakanike. Ta ci jarrabawa da kyau, ta ce injiniyancin injuna za ta karanta. Ubanta ya ce bai san zancen ba, ta canza zuwa nas ko haɗa magunguna tun ba a rufe ba. Suka yi ta ja, ta daina cin abinci tare da su, uwarta ta yi lallashi ta gaji, shi kuma ya ce ba taurin kai yake yi ba, yana da hujja a cikin gida. Hujjar ni ce. Ya zo ya same ni ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya ce, "Mama, ke kin shiga kin gani da idonki, mu ji muke yi. Na bar maganar a hannunki. In kin ce ta je, wallahi zan kai ta da kaina. In kin ce a'a, ke za ta ji, don ba ta musu da ke." Yana faɗa yana murmushi, domin a ransa ya riga ya san amsata, shekara da shekaru yana jin ta.

Washegari Rahila ta zo ita kaɗai. Ba ta yi min wasan jika da ta saba ba, ta zauna a bakin gado ta ce, "Kaka, ba sai kin yi dogon bayani ba, ke dai ki ce zan iya." Na buɗe baki da niyyar in ce za ki iya, abin da ya fito shi ne, "Mata nawa ne a ajin?" Ta kalle ni, ta ce ba ta sani ba. Ta ɗan zauna, ta ɗauki gyalenta ta ce za ta je ta dawo. Ba ta dawo ba, kuma ba ta kira ni ba tun ranar.

Na san wasunku za su ce zamani ya canza, yanzu mata suna tuƙa jirgi. Ni ma ina gani a waya. Amma bari in gaya muku abin da ya faru bara. Yara suka haɗa kuɗi aka zo sa min wutar sola, mutum uku suka zo, maza biyu da wata budurwa da jaka a kafaɗa. Na gaishe su, na dubi yarinyar na ce, 'yata ga kujera, ina ogan naku? Ta ce, Mama ni ce. Ta faɗa a hankali, da alama ta saba. Na shiga ɗaki na zauna. Ni da aka nuna wa ofishin tafireta, ni ce na jawo wa wata kujera. In ni zan yi haka, me zan sa rai daga wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba? Cikin irin mutanen nan zan tura Rahila.

Kuma yarinyar halina ta ɗauko, shi ne abin da ya fi tsorata ni. In ta ci tara cikin goma ba ta ganin taran, ɗayan nan za ta zauna tana yi wa kuka. Ba ta tambaya a aji, uwarta ta ce sai ta dawo gida ta rufe ƙofa ta yi ta fama. Na san inda wannan hanyar take kaiwa. Ina tsoron ta shiga da ƙarfinta, a yi ta kallonta ana jira, ta yi kuskure ɗaya irin wanda kowa ke yi, ta ƙare kamar ni, da takarda a akwati da labarin da take ba mutane. Nas aƙalla babu wanda zai ajiye aikinsa ya tsaya kallonta.

Amma in na ce a'a, na san kujerar wa na hau. Zan ce mata kin yi hankali 'yata, za ta ji sanyi na kwana biyu kamar yadda na ji, sauran kuma ta ɗauka har tsufa. Na haɗu da Garba a wani biki shekarun baya, ya yi ritaya yana darakta, ya jawo 'ya'yansa ya ce ku gaishe da Madam, wannan ta fi ni sanin inji. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ba na son wata rana wani ya nuna Rahila haka.

In kuma na ce ta je, Ishaku zai tambaye ni me ya canza, kuma yana da haƙƙin tambaya. Sai in ce masa me? In ce ba saboda kai na bari ba, ubanku ya yarda, kakanku ya yarda, tsoro ne ya kore ni na fake da goyonku? Mutumin da ya tsaya gaban coci yana kuka a kan wannan maganar, yanzu yana da furfura a gemu. Ban san yadda zai ɗauka ba. Kuma ni kaina har yau ban tabbata ba, wata rana in ce tsoro ne zalla, wata rana in ce a'a, da gaske yaran suna buƙatata, da na karɓi garejin wa ya san yadda za su tashi. Tambayar da Oga ya yi min a ofishinsa na amsa ta da sauri a lokacin, yau in aka sake yi min ban san me zan ce ba. Shi ya sa ko wannan tsoron da nake ji wa Rahila na kasa gane na wane ne, ƙaunar kaka ce, ko muryar garejin nan ce take magana da bakina.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci za su zo gidana su uku, ita da iyayenta, domin lokacin canza fannin karatu ya kusa ƙarewa. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, amma in na yi shiru Ishaku zai ɗauki tsohuwar amsata ya yi aiki da ita, shirun ma a'a ne.

Don Allah 'yan uwa, musamman ku mata da kuke cikin irin wannan aikin yanzu, ku gaya min gaskiya ba ta lallashi ba, har yanzu ana wannan kallon? In ce ta je in rufe bakina a kan abin da ya same ni, ko in zaunar da ita in gaya mata duka, alhali ina tsoron labarin nawa ya zama shi ne abu na farko da zai karya mata gwiwa? Shi kuma Ishaku in fara kiransa shi kaɗai kafin Lahadi, ko in faɗa a gaban 'yarsa? Kada ku ce min in yi addu'a kawai, ina yi, kuma zan ci gaba. Abin da nake nema shi ne kalmar da zan fara da ita in yarinyar nan ta zauna a gabana ta ɗago kai, don sau ɗaya ta tambaye ni na riga na ba ta amsar da ba ita ba ce, ba na jin za ta tambaya sau uku.